Yadda Ake Saba wa Kwikwiyo Sauke Cikinsa Kafin a Fita Gudu da Shi

Ranar farko da na fita sassarfa da kwikwiyona a Birnin Gwari, ba mu yi taku ɗari biyu ba ya ja ya tsaya. Bayan sallar asuba ne, hazo bai ɗaga ba. Na ja igiya ya turje, kafin in ankara ya tsuguna ya sauke abin da ke cikinsa a ƙofar gidan wani dattijo, daidai inda yake shimfiɗa tabarmarsa da hantsi. Dattijon kuwa yana tsaye bakin zaure da carbi a hannu. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, kai ka fito da shi ko shi ya fito da kai?" Na ce, "A yi haƙuri, Baba," na ruga gida na ɗauko shebur da toka. Da yamma na kai kukana wurin kawuna, wanda ya tsufa cikin farauta da karnuka. Tambaya ɗaya ya yi mini, yaushe na ba shi abinci? Na ce dab da za mu fito, don kada ya yi gudu da yunwa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai yaro, ba ka taɓa jin an ce ba a kiwon kare ranar farauta ba?"

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa. Da abinci ya faɗa tumbin kwikwiyo sai hanjinsa ya motsa, cikin minti 5 zuwa 30 zai nemi wurin tsugunawa. Gudu ma yana girgiza hanji. Na haɗa masa biyun lokaci guda, sannan na zo ina jin haushinsa. Mafitsararsa kuma ƙarama ce: masu kiwon kare suna lissafa kamar awa ɗaya ga kowane wata da ya yi a duniya, wato ɗan wata uku da ƙyar ya riƙe fitsari fiye da awa uku ko huɗu. Saboda haka aikin duka na tsara lokaci ne, ya sauke kafin a fara gudu, a wurin da kai ka zaɓa.

Kafin komai, a duba ko ya isa gudun. Gaɓoɓin kwikwiyo ba sa gama ƙwari sai ya kai wajen shekara guda, manyan iri har wata 18. Kafin nan tafiya ce da wasa da 'yar sassarfa ta 'yan mintoci a kan ƙasa mai laushi, ban da kwalta, ban da ɗaure shi a bayan babur kamar yadda wasu samari suke yi wai suna gina masa ƙafa. Sai allurai. Ta haukan kare ana yinta yana wata uku, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos ma tana sarrafa irinta. Akwai kuma ta cutar nan mai sa zawon jini da amai, wadda likitocin dabbobi suke kira fabo, wadda ke kashe kwikwiyo cikin kwanaki. Ƙwayarta a kashin karnuka take fita, tana kuma yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Har sai ya gama allurorinsa, wajen wata huɗu ke nan, kada a bi da shi ta juji ko bakin mahauta ko duk wata matattarar karnukan unguwa.

Daga nan sai kasko. Galibinmu yadda muke ciyar da kare shi ne duk lokacin da aka kankare tukunya a watsa masa ƙanzo, yaro ya rage tuwo a miƙa masa. Karen da yake ci ba lokaci, ba lokaci zai yi kashi. A tsayar masa da sau uku a yini har ya kai wata shida, daga nan sau biyu, kullum a sa'a guda. A ajiye kaskon, in ya yi kamar kwata bai cinye ba a ɗauke. Na dare ya zama kafin magariba, domin cikin ya gama aikinsa kafin asuba. Ruwa kam kada ya yanke.

Abin da ke cikin kaskon ma da magana. Tuwo da romo da kan kifi ba laifi. Miya mai yaji da albasa da yawa ba ta kare ba ce, albasa ma guba ce gare shi, tana lalata masa jini. Madarar shanu da wake suna sakar wa da yawansu ciki. Ƙashi kuwa in ya yi yawa sai kashin ya fito fari, busasshe, yana nishi kafin ya fitar. Kuma duk canjin abinci a yi shi sannu a hankali cikin mako guda, ba a jajibirin ranar da za a fita ba.

Yanzu wuri. A zaɓi kusurwa ɗaya can bayan gida, nesa da rijiya da madafa da inda yara suke wasan ƙasa, a zuba mata yashi. Sau biyar ko shida a yini za ka kai shi can da igiya: da ya farka daga barci, bayan ya ci, bayan ya yi wasa, da kuma kafin a kwanta. In kun isa ka tsaya cak kamar turke. Kada ka yi masa wasa, kada ka yi ta surutu. Zai shinshina ƙasa, ya zagaya sau biyu ko uku, ya ɗaga jela. Daidai lokacin da ya tsuguna sai ka faɗi kalma ɗaya da murya a kwance. Ni "sauke" nake cewa, kawuna ɗan fito yake yi, ko wanne ka ɗauka kada ka canza, kuma kowa a gidan ya riƙe shi. Yana miƙewa ka shafa kansa, ka sa masa ɗan gutsuren busasshen kifi a baki. Nan take fa. In ka bari sai kun dawo tsakar gida, shi a ganinsa ladan dawowa ka ba shi. In kun yi minti biyar bai yi komai ba, ku koma, ka tsare shi kusa da kai, bayan kwata ku sake fitowa.

Da farko kalmar tana bin aikin ne. Bayan makonni kaɗan sai abin ya juya, ka faɗa shi kuma ya hau shinshine-shinshine. Ranar da na fara ganin haka ga nawa, na ji daɗi kamar wanda ɗansa ya kai izu.

To ga safiyar fita. Kada a ba shi komai sai ruwa kaɗan. Yana tashi a kai shi kusurwarsa, yawanci fitsari zai fara yi. Sai a kama hanya da tafiya, tafiya zalla ta kamar minti goma, don tafiyar ita ke tayar da ragowar abin da ke hanji. A bakin gari, inda gidaje suka ƙare, a sami wani wurin na biyu a gefen hanya wanda kullum nan za a riƙa tsayawa, a sake ba shi kalmar. Mafi yawan lokaci a nan babban yake fita. Sai bayan wannan a fara sassarfa. In kuwa dole ta sa ya ci, a jira awa biyu. Kare mai zurfin ƙirji irin dogayen karnukan farautarmu, in ya yi gudu da cikakken ciki, tumbinsa yana iya kumbura ya murɗe, wannan kuwa kisa yake yi cikin sa'o'i. Bayan an dawo ma a bar shi ya huce, hakinsa ya kwanta, kamar rabin awa zuwa awa, sannan a ajiye kasko.

Duk da haka wata rana zai matsu a tsakiyar gudu. Za ka ga ya fara ja baya, ko yana karkata zuwa ciyawa, hanci a ƙasa. Ka tsaya. Jan kare da igiya yana tsugune mugunta ce, kuma koya masa riƙewa kake yi har ku dawo ya sake maka a zaure. Amma a bambance wannan da ɗigon da namiji yake yi. Daga wata shida zuwa sama zai fara ɗaga ƙafa a gindin kowace kaɗanya da kowane suri, yana barin shaidar ya wuce. Wannan ba matsuwa ba ce, sa hannu ne. A ƙyale shi ya yi a farkon tafiya da ƙarshenta, amma in ana cikin gudu a ce "mu je" a wuce, in ba haka ba sai rana ta take ba ku bar bakin gari ba.

Inda na fi so a tsaya a ji ni shi ne maganar daji, don yawancinmu muna ganin da an bar gari ko'ina ma masai ne. Ƙasar Birnin Gwari ƙasar shanu da tumaki ce. Bayan shekarun da 'yan bindiga suka hana kowa saƙat, sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a watan Nuwamban 2024 ya sa an sake buɗe Kara, wato kasuwar dabbobi, dabbobi suka dawo burtali. Akwai tsutsar ciki mai faɗi wadda take zaune a hanjin kare, ƙwanta yana fita cikin kashi ya manne a ciyawa. Tunkiya ko saniya ta ci, sai ya zama ƙulli mai ruwa a hanta ko huhu. Wata irin kuma kan tunkiya take hawa, ka ga dabba tana ta juyi a wuri ɗaya har ta faɗi. Mahauci ya yanka ya ga ƙullin, ya yanke ya jefa wa kare, karen ya ci ɗanye, zance ya koma farko. Mutum ma yana ɗauka ta hannu ko ta ganyen da ba a wanke ba. Ga kuma doguwar tsutsar nan mai kama da taliya, wadda kwikwiyo da yawa da ita ake haifarsu. Ƙwanta yana buƙatar mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya zama mai cutarwa, daga nan yaron da ya kai ƙasar baki yana iya kamuwa, har ta taɓa masa ido. Ka ga ke nan kashin da aka kwashe a ranar da aka yi shi bai samu wannan damar ba.

Saboda haka ban da makiyaya, ban da mashaya, ban da bakin rafukan da suke gangarawa kogin Mariga, ban da fadamar da ake noman latas da tumatir. Ka rataya 'yar ƙaramar fartanya. In ya yi, ka haƙa rami kamar taƙi ɗaya, ka tura, ka rufe, ka taka. A cikin gari leda ce da toka. Kada kuma a ba kare ɗanyen kayan ciki, a dafa. Ko ta fuskar addini, malamanmu na Malikiyya da suke ganin jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ba su ce haka a kan kashinsa da fitsarinsa ba. An yarje a riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, ba a yarje a ɓata wa masu zuwa masallaci hanya ba.

Igiya kuma kada ta bar wuyansa a daji sai ranar da kira ɗaya yake juyo da shi. Ba ko'ina ake bin kare a wannan dajin ba har yanzu. Gandun Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 ya zama na tarayya a 1999, doka ta hana farauta a cikinsa, kwikwiyon da ya hango zomo kuwa bai san iyaka ba.

Kafin ka binne kashin, ka duba shi. Mai lafiya a dunƙule yake, ana ɗauka bai bar shaida a ƙasa ba. In kullum ruwa-ruwa yake yi bayan gudu, nisan ya yi masa yawa ko rana ta yi zafi, a rage, a koma fita da sanyin safiya, musamman a watannin bazara. Wasu farare kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a kai ko a gindin jelarsa, tsutsa mai faɗi ce. Maganin tsutsa ana fara shi yana mako biyu, a maimaita duk bayan mako biyu har wata biyu, sannan wata-wata har wata shida, gwargwadon nauyinsa kamar yadda malamin dabbobi ya auna. Jini da amai da ƙin cin abinci kuwa ba na jiran gobe ba ne, a kai shi asibitin dabbobi a ranar.

Zai yi ɓari a tsakar gida, ba sau ɗaya ba. In ka kama shi yana cikin yi, ka tafa hannu sau ɗaya, ka ɗauke shi zuwa kusurwarsa. In ka tarar an riga an yi, ka kwashe kawai, ka wanke wurin da sabulu sosai, don warin da kai ba ka ji shi yana ji, kuma shi ke dawo da shi. Dukan da ake yi, da tura hancinsa cikin kashin, ban ga karen da ya gyara ba. Abin da yake koya shi ne kada ya yi a gabanka, sai ya koma bayan rumbu ko ƙarƙashin gado, ranar gudu kuma ka yi ta cewa "sauke" yana kallonka jela a matse.

Nawa ya kusa wata bakwai kafin in daina fargabar wucewa ta ƙofar dattijon nan. Har yau ledar tana aljihuna, fartanyar kuma tun da dare nake rataye ta tare da igiyar, don da asuba mantawa nake yi.