Amsa ga mai son koyon haɗa sabulu

Wata baiwar Allah daga Isa ta aiko tana tambayar yadda mai koyo zai fara haɗa sabulu a gida.

To, Malama, asalin wannan sana'a shi ne gamin mai da ruwa mai kaifi, kuma iyayenmu mata a ƙasar Gobir, tun daga Sabon Birni har ƙauyukan gulbin Rima, sun daɗe suna tace tokar karan gero, su dafa ruwanta da man kaɗe ko kitse, suna tuƙawa har ya zama sabulun salo. Amma da yake kaifin toka ba shi da tabbataccen mizani, mu a ra'ayinmu sodar sabulu ta fi dacewa da almajirin sana'a: giram 135 ga kilo 1 na man gyaɗa, a narkar da ita cikin ruwa kimanin giram 300. Wajibi ne a zuba soda cikin ruwa, kada a zuba ruwa a kanta, a kuma nisanci tukunyar alminiyam, domin soda tana cinta. A rufe hannu, a kiyaye ido, a kawar da yara.

Bayan kin haɗa ruwan sodar da man kin tuƙa, in sabulun ya daskare, ki yanka, ki ajiye a inuwa mako 4 kafin wanka da shi. Allah ya sa albarka.