Sassaƙar Kayan Lambu a Birnin Wahaka: Nazari a kan Fasaha Mai Gajeren Rai

Gabatarwa

Manazarta al'adu sun saba auna darajar sassaƙa da daɗewarta. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa ma'aunin nan bai wadatar ba, ta hanyar duban wani biki da ake yi a birnin Wahaka na kudancin ƙasar Meziko.

Asalin Bikin

Ana kiran bikin Daren Radish, ana kuwa yin sa ran 23 ga Disamba kowace shekara. Radish wata saiwa ce mai kama da karas, bayanta ja, cikinta fari fat, wadda Turawan Sifen suka kai ƙasar. Tun da fari, 'yan kasuwar Kirsimeti ne ke sassaƙa ta don su jawo hankalin masu saye. A shekarar 1897 shugaban birnin, Francisco Vasconcelos, ya mayar da al'adar gasa ta hukuma.

Yadda Ake Aikin

Ba radish ɗin ci ake sassaƙawa ba. Ana noma wani iri ne musamman, a bar shi a ƙasa har ya ƙasaita, wani ya kai tsawon santimita 50. Girman nan kan sa saiwar ta karkace, ta yi rassa. Gwani yakan fara duban siffarta ne tukuna, sa'an nan ya san abin da zai fitar, ko mutum, ko dabba, ko dodo. Yakan feƙe jan ɓawon don fari ya bayyana, ya haɗa gaɓoɓi da tsinke. Ta haka ake siffanta haihuwar Annabi Isa, da masu rawar gargajiya, da abubuwan ban dariya. Akwai kuma rukunin masu aiki da ɓawon masara da busassun furanni.

Sai dai da zarar wuƙa ta taɓa saiwar, ta kama hanyar yaushi. Ana yayyafa mata ruwa, amma duk da haka bajekolin ba ya wuce 'yan sa'o'i. Jama'a kuwa kan yi dogon layi don su gani.

Kammalawa

Bahaushe ma yana sassaƙa ɗan tsiro, wato ƙwarya, amma sai duma ya bushe, shi ya sa zanenta kan shekara da shekaru. Aikin mutanen Wahaka ya fi kama da waƙar baka kafin zuwan rikoda: ana aiwatar da ita gaban jama'a, in taro ya watse ta tafi, sai abin da ya zauna a zukata. Ba wanda ya taɓa cewa makaɗin fada ba mai fasaha ba ne don muryarsa ba ta tabbata a dutse ba. Ashe ke nan abin da ke wanzuwa a irin wannan fasaha shi ne ƙwarewar hannu, wadda yara ke koya daga manya, har su ma su shiga gasar a rukuninsu.