Darasin Kiwon Lafiya: Kitse da Sankarar Maza

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullutu mai girman goro. Likitoci suna kiransa furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa take bi. Shi ya sa idan ya kumbura, sai dattijo ya riƙa tashi fitsari sau da yawa da dare, ko fitsarin ya riƙa zuwa da ƙyar. Ba kowane kumburi ne sankara ba. Amma sankarar wannan wuri ita ce ta fi kama maza a Nijeriya, musamman waɗanda suka haura shekara 50.

To, ina ruwan kitse da wannan ciwo?

A da an ɗauka kitse ajiya ce kawai, kamar hatsi a rumbu. A 1994 wani masani a Amurka, Jeffrey Friedman, da abokan aikinsa suka gano cewa kitse yana zuba wani sinadari a cikin jini, mai suna leftin. Shi ɗan aike ne. Yakan gaya wa ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. A 1995 kuma aka gano wani, wai shi adifonektin. Abin mamaki, idan mutum ya yi ƙiba, leftin yakan ƙaru, adifonektin kuwa ya ragu.

Da aka gwada su a kan ƙwayoyin sankara a ɗakin bincike, sai aka ga leftin yana ƙara musu yaɗo, ɗayan kuma yana taka musu birki. An kuma lura ciwon ya fi tsananta a jikin mai ƙiba. Saboda haka masana ke neman maganin da zai tare saƙon leftin, ko ya ƙarfafa ɗan'uwansa. Irin wannan magani bai iso asibiti ba tukuna. Duk wanda ya zo kasuwa da lasifika ya ce yana da shi, kuɗin jama'a yake so.

Abin da asibiti ke yi yanzu shi ne fiɗa, ko gashi, ko allurar rage sinadarin mazakuta, wanda wannan sankara ke rayuwa da shi. Ita allurar kanta takan sa teɓa, shi ya sa likita kan ce wa maras lafiya ya riƙa tafiyar ƙafa. Akwai kuma gwajin jini mai suna PSA. A jikin mai ƙiba awon yakan nuna ƙasa da yadda ya kamata, har ciwon ya ɓuya, sai likita ya haɗa da wani binciken.