Yadda Ake Haɗa Makunni A Akwatin Wasan Kwamfuta

Masu ƙera akwatin wasa na katako, wanda ake ajiye kwamfuta a cikinsa, sukan so makunni guda a waje. Ya kamata su sani makunni iri biyu ne: akwai wanda ake dannawa ya komo da kansa, akwai kuma mai hannu, wanda yakan tsaya inda aka tura shi.

Tun 1995, da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX, kwamfuta takan tashi ne idan an haɗa ƙananan wayoyi biyu na allonta na ɗan lokaci kaɗan. In aka ɗaura mai hannu a nan, wayoyin za su zauna a haɗe, sai ta mutu bayan kamar daƙiƙa 4. Saboda haka wurinsa shi ne kan wayar da ke kawo wuta daga bango, sa'an nan a gyara BIOS domin ta tashi da zarar wuta ta shigo.

To, a nan haɗarin yake, gama ƙarfin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne. Lalle a zare filogi tukuna. A sa makunnin a kan waya mai wuta, wato ƙasa-ƙasa, ko ja a tsohon tsari. Wanda ya sa shi a kan shuɗiya ya kashe na'ura, amma ya bar wuta kwance a cikinta tana jiran hannun yaro. Waya mai kore da rawaya kuwa ba a yanke ta; a haɗa ta da kowane ƙarfe na akwatin.