Rabin Hekta a Birni: Abin da Doka Ta Tanada da Yadda Kotuna Suka Fassara Ta

A ranar 29 ga Maris, 1978, Gwamnatin Soja ta Tarayya a ƙarƙashin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ya riƙe ta amana domin jama'a. A Arewa abin bai zama baƙo ba, domin dokar ƙasa ta 1962 da waɗanda suka gabace ta tun zamanin Turawa sun riga sun sa ƙasa a hannun hukuma. A Kudu ne canjin ya yi nauyi, musamman a Ikko, inda masu hali kan sayi manyan filaye su ajiye har farashi ya hau.

Sashe na 34 shi ne ya shafi birane. Wanda ya riga ya raya filinsa kafin ranar, zai ci gaba da riƙe shi kamar gwamna ne ya ba shi. Wanda bai raya nasa ba kuwa, an bar masa abin da bai wuce rabin hekta ba, watau murabba'in mita 5,000, sauran kuma haƙƙinsa a kai ya faɗi, ya koma hannun gwamna. In yana da irin waɗannan filaye a birane dabam dabam na jiha ɗaya, sai a haɗa su a lissafi, rabin hektan nan dai shi ne rabonsa. Sashen bai ambaci biyan diyya a kan ragowar ba.

Tushen jayayya shi ne ma'anar raya fili. Dokar ta lissafa gini, da hanya, da ruwa, da lantarki, da magudanar ruwa, sa'an nan ta ƙara da duk wani gyara da zai ƙara wa filin daraja don masana'anta ko noma ko zama. Wannan ƙofa ce mai faɗi ƙwarai: mai fili ya ce katanga da rijiyar da ya yi sun isa, hukuma ta ce kango ne kawai. Har wa yau sashen bai faɗi wanda zai zaɓi ɓangaren da za a bar wa mai fili ba, alhali kuwa bakin titi da bayan gari ba kuɗinsu ɗaya ba.

Kotun Ƙoli ta warware waɗansu al'amura da ke kewaye da wannan. A shari'ar Nkwocha da Gwamnan Anambra, a 1984, ta ce ikon da dokar ta ba gwamnan soja ya koma ga gwamnan farar hula. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo, a 1989, ta ce ko wanda ya mallaki filinsa tun kafin 1978 sai ya nemi yardar gwamna kafin ya jinginar da shi, ta kuwa soke jinginar da aka yi ba tare da yardar ba. Amma ba a sakar wa hukuma mara ba. A shari'ar Ogunleye da Oni, a 1990, ta nuna cewa takardar shaidar riƙon fili ba ta kashe haƙƙin wanda ya riga ya mallake shi bisa ƙa'ida. Haka kuma gwamna ba ya ƙwace fili a ƙarƙashin sashe na 28 sai don amfanin jama'a ko saboda saɓa sharuɗɗan riƙon filin, kuma sai an ba mai shi sanarwa.

Babbar Kotun Jiha ita ce ke sauraron ƙararrakin filayen birni. Gyara dokar kanta kuwa ba abu ne mai sauƙi ba, domin sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya kāre ta: sai da amincewar kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya, da kuma majalisun jihohi aƙalla 24.