Kafin a Haƙa Kwal, a Auna Rijiya

Ramin kwal ba ya haƙuwa sai an raba shi da ruwa. Da zarar masu haƙa sun nutsa ƙasa da inda rijiyoyin gari ke samun ruwansu, ruwan zai fara tsattsafowa cikin ramin, su kuma su kafa injuna suna zuƙe shi dare da rana. Ruwan nan kuwa daga jijiyar da ke shayar da fadama yake fitowa. Sai a ga rijiya ta fara ja da baya. A ƙara igiya, a yashe, a sake ƙarawa, har wata bazara guga ya dawo da laka. Mai lambun da ba a taɓa ko taku ɗaya na gonarsa ba, shi ma albasarsa da tumatirinsa za su ji a jikinsu.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan daɗewa. Tare da kwal akan sami wani dutse mai ƙyalli, mai ɗauke da ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, ba ruwansa da kowa. Amma in aka tono shi ya sha iska da ruwan sama, sai ya saki ruwa mai tsami wanda ke narkar da ƙarafa ya kwashe su zuwa rafi. Ana gane shi da jan tsatsa a kan duwatsun rafin da kuma ɓacewar kifi. A Inugu, inda aka gano kwal a 1909 aka fara fitar da shi a 1916, an daɗe da rufe ramukan gwamnati, amma har yau irin wannan ruwa na fita daga tsohon ramin Onyeama yana shiga kogin Ekulu.

Maganar ba ta yi nisa da Arewa ba. A Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, ana haƙar kwal a buɗaɗɗen rami domin masana'antar siminti ta Ashaka. An tashi mutane daga tsohon mazauninsu, kuma sun sha kokawa kan gonaki da ruwan sha. Akwai kwal a Okaba ta jihar Kogi da yankin Lafiya da Obi a Nasarawa. A Nijar ma akwai shi a Anu Araren kusa da Agadas, da Salkadamna a jihar Tawa.

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ma'adinan ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, sai dai hakan bai ɗaure wa manomi hannu ba. Dokar 1992 ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a soma, a ajiye rahoton inda jama'a za su gani su yi magana. Dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ce sai kamfani ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da mutanen wurin, wadda ake sake dubawa duk shekara biyar.

A nan ake yin sake. Ranar da aka zo ƙidayar diyya, hankalin kowa na kan ɗorawa da mangwaro da amfanin gona, domin su ake gani da ido. Ba a cika jin wanda ya tambayi makomar ruwa ba. Bayan shekaru in rijiya ta ƙafe, kamfani zai ce ƙarancin damina ne, kuma gari ba shi da abin da zai nuna.

Maganin wannan ba shi da tsada. Tun kafin motar farko ta shigo, dagaci ya sa a zaga rijiyoyi da burtsatsai, a zura igiya a ga gaba nawa ne zuwa ruwa, sau ɗaya da kaka, sau ɗaya a tsakiyar bazara. A rubuta da kwanan wata, shaidu su sa hannu. A ɗebi ruwa a kwalba a kai gwaji jami'a ko hukumar ruwa, a adana takardar. Cikin yarjejeniya kuma a fayyace wanda zai samar da ruwa in rijiya ta ƙafe, da inda za a zubar da ruwan rami, da cewa za a tara ƙasar sama gefe guda a mayar da ita in an gama.

Wani lokaci amsar ita ce kada a haƙa sam. A kwarin Bylong na Ostireliya, kamfanin KEPCO na Koriya ta Kudu ya sayi gonaki da yawa domin haƙar kwal, amma wasu manoma suka ƙi yarda. A Satumban 2019 hukumar tsare-tsare mai zaman kanta ta jihar New South Wales ta hana izini, tana kafa hujja da ruwan ƙarƙashin ƙasa da ƙasar noma da nauyin da za a bar wa na baya. Kamfanin ya garzaya kotu, ya ɗaukaka ƙara, bai yi nasara ba.