Babban Baƙi Ko Ƙarami? Yadda Za Ka Gano Ainihin Sunan Fayil Da Python

Bara na haɗa wa wani mai shagon takalma ɗan shafin intanet. A kwamfutata komai lafiya lau, amma da na ɗora shi a saba, sai ga hoton tambarin shagon ya ɓace. Na kwana ina bincike, mutumin kuma sai kira yake yi. Ashe sunan hoton Logo.PNG ne, ni kuwa na rubuta logo.png a cikin kod.

Ga dalilin. A wurin kwamfuta, A lamba ce 65, a kuma 97, wato ba abu ɗaya ba ne. Windows da macOS, a yadda suke zuwa, suna adana sunan fayil yadda aka rubuta shi, amma wajen nema ba ruwansu da babba ko ƙarami. Linux kuwa, wanda galibin sabobi ke amfani da shi, ba ya ɗaga ƙafa: Logo.PNG da logo.png fayil biyu ne daban. Masu koyon kod a waya ma abin ya shafe ku. A Android, ma'ajiyar da Download da DCIM suke ba ta bambantawa, amma foldar gida ta Termux tana bambantawa.

Kada ka dogara da os.path.exists(). A Windows zai ce maka fayil yana nan ko da ka juya baƙaƙen. Shi kuma os.path.normcase(), duk da sunansa mai ruɗi, a Windows mayar da komai ƙananan baƙaƙe yake yi. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a tambayi foldar kanta, domin os.listdir() yana kawo sunaye yadda suke a ajiye:

```python
import os

def ainihin_hanya(tushe, hanya):
    for sashe in hanya.split("/"):
        sunaye = os.listdir(tushe)
        if sashe not in sunaye:
            dace = [s for s in sunaye
                    if s.lower() == sashe.lower()]
            if len(dace) != 1:
                return None
            sashe = dace[0]
        tushe = os.path.join(tushe, sashe)
    return tushe
```

Idan ka kira ainihin_hanya(".", "hotuna/logo.png"), zai fara raba hanyar gida biyu. Zai duba ko akwai folda mai suna hotuna daidai. In babu, sai ya mayar da duk sunayen ƙananan baƙaƙe ya kwatanta, ya tsinci Hotuna. Daga nan ya shiga ciki ya yi wa fayil ɗin haka. Dole a bi sashe-sashe, domin kuskuren na iya zama a sunan folda, ba a fayil ba.

Lura da layin da ke ƙirga dace. A Linux za ka iya samun Logo.PNG da LOGO.png zaune a folda ɗaya. Wanne za a ɗauka? Ni dai gara shirin ya dawo da None in duba da idona, da ya yi mini caca da fayil ɗin mutane.

Af, lower() na Python ya san baƙaƙenmu masu lanƙwasa, yana mayar da Ƙ zuwa ƙ, Ɗ zuwa ɗ. Saboda haka folda mai suna Ƙasida ba za ta ba ka ciwon kai ba.

Sai dai wannan kod ɗin na gano kuskure ne, ba na rufe shi ba. Karanta folda mai dubban hotuna duk lokacin da za a buɗe fayil yana cin lokaci. Ka gano sunan, ka gyara. In kana amfani da Git a Windows, canza baƙi kaɗai ba lallai ya lura ba, sai ka rubuta git mv Logo.PNG logo.png sannan ka tura.